Rasuwar Gwaggo a Saman Hawan Kibo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, ni Datti Direba na Anguwan Rogo nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar motata, Fijo mai launin toka, wadda duk tashar Jos ta sani da suna Gwaggo. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a saman Hawan Kibo, tana da shekara goma sha shida a duniya, cikin wannan shekara ta 1978.

Marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri. Ba ta taɓa yi wa kowa gaggawa ba. Ita ta ciyar da gidana, ita ta kai uwargidana Tabawa asibiti a haihuwa huɗu, ko da yake biyu a hanya aka haife su. Da safe sai an lallashe ta, ta ce "gir, gir, gir", ta yi tari sau uku, sannan ta amsa. Idan mun zo hawa, fasinjoji sukan sauka su taka da ƙafa, su jira mu a sama suna shan rake.

Wannan duk ban taɓa jin ciwonsa ba, sai da abokin sana'ata Pwajok ya sayi sabuwar mota. Kullum a tsakiyar hawan nan yake wuce mu, ya fito da hankici ta taga yana yi mana adabo. Har fasinjojinsa suka koyi tafi.

Na kai kuka wurin Ambrose, bakanikenmu na Laranto. Ya shiga bayan gareji ya fito da wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, ya ce sunansa turbo, daga mataccen injin haƙar kuza ya kwance shi. Aikinsa hura iska cikin inji, yadda maƙeri ke zuga wuta. Sabon inji ya fi ƙarfina, wannan kuwa buhun dankali na bayar. Kwana tara Ambrose yana ɗinka shi a jikin Gwaggo da bututun famfo, da robar tayar keke, da gwangwanin madara. Da ya gama ya riƙe hannuna ya ce, "Oga Datti, motan nan tsoho ne. Kada ka taka shi ya wuce hamsin." Na yi alkawari. Tabawa kuwa ta leƙa ƙarƙashin bonet ta ce, "Malam, tsohuwa da rawar 'yan mata, ƙugu ne zai biya."

Jama'a, kwana goma sha ɗaya Gwaggo ta yi tana amarci! Ta koyi fito, "fiiiii", idan na ɗaga ƙafa ta yi atishawa, "fush!" Kaji suka daina kwanciya a gabanta.

Ranar ajali mun taso daga Akwanga da fasinja shida da doya da akuya ɗaya. Muna fara hawa sai ga Pwajok a gabanmu. Wallahi na tuna alkawari, ƙafata ce ta manta. Gwaggo ta yi fito irin wanda ban taɓa ji ba. Allura ta wuce hamsin, ta wuce sittin, ta taɓa saba'in, a hawa! Muka shafe Pwajok kamar yana tsaye. Wani dattijo a gidan baya ya tuɓe hularsa ya miƙo mini, na kaɗa ta ta taga. Na ga bakin Pwajok a buɗe, kuma ko a kabari ba zan manta ba.

Muna kaiwa sama ta ce "ƙwas, ƙwas, ƙwas", sannan "dum!" Fistan ɗaya ya fasa cikin inji ya fita shan iska, har yanzu ba a gan shi ba. Farin hayaƙi ya lulluɓe mu. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, akuya ma tana tuƙa. Pwajok, ɗan halak, shi ya ɗaura igiya ya ja gawar har gida, yana share hawaye, bai faɗa mini na dariya ne ko na tausayi ba.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, uku masu sanƙo, da rediyo mai kama tasha ɗaya, da ƙaho mai dasasshiyar murya, da ni marayanta da zan koma kwandasta. Turbo kuwa yana nan lafiya lau, ko zazzaɓi bai yi ba.

Za a ɗauki marigayiya gobe Lahadi bayan la'asar, daga ƙofar gidana zuwa makwancinta a bayan garejin Ambrose. Ana neman majiya ƙarfi takwas don turi, a zo da takalmi mai igiya. Zaman makoki kwana uku ne a tasha, akwai shayi, kowa ya zo da kofinsa. Tabawa ta ce a sanar da masu kawo mata ɗinki su neme ta a gidan iyayenta da ke Tudun Wada, can ta kai keken ɗinkinta ajiya, tun da ta kama ni da Ambrose muna auna shi da igiya don mu ɗaura masa turbo.