Yadda Za Ka Tashi Masu Ƙuli Daga Kasuwa Ba Su Ji Labari Ba

Ranka ya daɗe Kansila, ka ƙyalla ido ka ga filin da mata ke sayar da ƙuli da man gyaɗa, kana son a yi dokar da za ta tashe su a gina shaguna? Matsalar ɗaya ce, wai sai an ji ra'ayin jama'a. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin doka za ta wuce salin-alin.

1. Yi sanarwa

Kada a ce ka ɓoye. Rubuta ta da Turanci mai kauri, ka manna a bayan ƙofar ofis, wadda take wuni a buɗe jingine da bango. Wanda bai gani ba, shi ya so.

2. Zaɓi mai shela

Nemo wanda mura ta dushe wa murya, ka tura shi hanyar Gafasa da hantsi, lokacin da kowa yana gona. Idan awaki suka ji, ai su ma mazauna yankin ne.

3. Koyi jan rai

Asama'u shugabar masu ƙuli za ta zo neman ganin daftarin dokar. Kul ka ce mata a'a, kalmar nan ita ke kai mutum gidan rediyo. Ce mata mai makulli ya tafi Gaya ta'aziyya. Gobe ka ce ya dawo, makullin ne bai dawo ba.

Idan ta ce, "Yallaɓai, haƙƙinmu ne fa mu gani, da wurin nan nake ciyar da marayu," ka girgiza kai cikin tausayi, ka ce Allah ya rufa asiri. Addu'a ba ta taɓa kasafi.

4. Kada ka buɗe taga

Ranar zama a kulle ƙofa, a ce saboda tsaro. Saura kuma haƙuri, domin nan ɗalibina Kansila Muhsin ya faɗi, kuma har yau abin yana ƙona mini rai. Ya yi komai daidai. Sai aka ɗauke wuta ana tsakiyar zafin bazara, babbar riga ta jiƙe sharkaf, ya tashi ya tura taga don ya sha iska.

Ashe Asama'u ta kwaso matan kasuwa sun shimfiɗa tabarmi a gindin tagar, suna ɓarar gyaɗa abinsu. A cikinsu har da Inna Kulu, mahaifiyarsa, wadda ta daina zuwa kasuwa tun da ya ci zaɓe.

Ta ɗago kai ta ce, "Muhsin, tun ɗazu muke jin muryarka. Fito ka karanta mana da Hausa. Ai da ƙulin filin nan na kai ka ka koyo Turancin."

Ya fito. Ya karanta, yana in'ina. Har gobe Asama'u tana nan a wurinta, kuma ƙulinta da daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Hattara

Ni shawara kawai na bayar. Idan ka shiga uku, ban san ka ba, ba mu taɓa gaisawa ba. Na san maganin ɗan jarida, na san na lauya, amma wanda uwarsa ta ce fito, ya nemi takalminsa.