Nomau da Wutsiyar Jirgin Zubairu

A Rafin Gawo, gidan da ke jikin namu mutum uku ne a ciki: Inna Dije, da babban ɗanta Zubairu, da ƙanensa Nomau. Zubairu ya shekara ashirin yana gyaran ƙananan jirage a birni. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida ya kafa rumfa, ya ce kafin ya mutu sai ya tashi a jirgin da ya ƙera da hannunsa. Nomau kuwa ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga ladabi, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai kama da wuta.

Komai na jirgin ya kammala sai wutsiya. A can ne ake sa faranti biyu na alminiyom, hagu da dama, masu ɗagawa da sauka a kan hinji irin na ƙofa idan matuƙi ya ja sandar tuƙi. Su ke sa jirgi ya hau ko ya sauko. A gefen na hagun akwai wani ɗan guntu da bai fi tafin hannu ba, shi ma da nasa hinjin, Zubairu na ce masa harshe.

"Ɗan abin nan," in ji shi, "in ya kwance a sama, karkarwa zai yi ta yi har ya yage wutsiyar. Ni kuwa sai dai a tsinto ni."

Tun da Inna ta ji haka abinci ya daina wuce mata. Ni ma da nake leƙe ta katanga, wallahi sai da na yi salati.

Wata rana Zubairu ya ɗiɗɗiga wa faranti tawada a layi, ya miƙa wa Nomau abin huda. "Duk inda ka ga ɗigo, huda. Nan ƙusoshi za su shiga." Ya tafi masallaci. Ashe farantin ya yi mako a rumfa, ƙudaje sun yi masa kashi son ransu. Zubairu ya dawo ya ɗaga shi, sai ga hasken rana na tsiyayowa ta ko'ina kamar rariya.

"Innalillahi! Nomau, mene ne wannan?"

"Ɗigo ne, Yaya. Ko ɗaya ban tsallake ba."

Sai da aka yi wata guda kafin a samo wani farantin.

Wata rana kuma, an gama farantan biyu an kwantar a inuwa. Zubairu ya ce, "Ka kula. Na hagu da na dama dole su zama iri ɗaya, ko tabo kada ya bambanta su." Yana fita akuyar Inna ta taka na hagu, kofatonta ya lotsa shi. Wani mai hankali da ya jira mai abu. Nomau sai ya rungumo akuyar, ya auna wuri da kara, ya dangwala ƙafarta a kan na dama. Bai lotsa yadda yake so ba, ya ƙara dannawa da gwiwarsa. A haka Zubairu ya same su, akuya na ihu, Inna na tafa hannu tana salati.

"Saura kaɗan, Yaya," in ji Nomau. "Na hagun ya ɗan fi zurfi."

Ranar na ɗauka Zubairu zai kore shi daga rumfar. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ya haɗiye fushinsa ya sake sababbi.

Wata rana dai aiki ya ƙare, aka tura jirgi zuwa fako a bayan gari don tashin farko. Mutane suka yi dafifi. Inna ta ƙi tsayawa kusa, ta zauna can nesa da carbi, idanunta jawur. Zubairu ya ga hinjin ya ɗan yi tauri, ya zaunar da Nomau a kujerar matuƙi.

"Ja sandar nan gaba da baya, wutsiya ta saki. Kada ka bari sai na ce."

Ya tafi tarbar maigari. Gaisuwa ta ja gaisuwa, aka kawo fura, aka shiga yi masa addu'a, ya manta da ƙanensa sarai. Nomau kuwa tun hantsi yake ja, ƙwas, ƙwas, gumi na ɗiga daga gemunsa. Rana ta take tsaka, Zubairu ya taho yana ɗaura hular kwano, sai muka ji ƙwal! Harshen nan ya ɓalle, yana reto a jikin waya.

Zubairu ya daka tsawa, "Ka kashe ni, Nomau! Yau ma?" Ya ruga bayan jirgi, muka bi shi.

Ya durƙusa ya tsinci siririn ƙarfen da ke cikin hinjin harshen. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ƙa'ida ce a lanƙwashe bakinsa don kada ya zame, amma ga shi miƙe sambal. Ba wanda ya taɓa wurin nan sai shi Zubairu, shi ya manta. Jijjigar da Nomau ya yini yana yi ce ta turo shi waje kaɗan-kaɗan, kuma ita ce jijjigar da iska za ta yi masa a sama.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Inna ta iso da gudu, zani a hannu, ta dafa kansa tana kuka.

Can sai muka lura farantan har yanzu suna ɗagawa suna sauka. Nomau ya leƙo daga kujera yana haki.

"Yaya, in bari? Ba ka ce ba tukuna."

Zubairu ya share ido da hannun riga, ya dube shi.

"A'a, Nomau, ci gaba. Duk abin da zai faɗo, gara ya faɗo ina nan ƙasa."