Sa'an Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na aro jaki na tafi karɓar ladan haihuwata. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tun ina yaro marigayi Babana yake ce mini, "Kai sa'an ƙasar nan ne, ranar da aka samu 'yancin kai aka haife ka." Ni kuma na ɗauki abin na ɗora a ka. Na cika wa kowa kunne, a makaranta, a gona, har wajen zance na faɗa wa Rabi, matar da na aura (ta ce mini "to madalla", ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta).

Shekarar da ƙasar ta cika ashirin da biyar, fari ya gama da mu. Rumbuna wayam, Rabi da tsohon ciki, sai tafasa da ɗan ƙuli muke ci. Ana haka aka yi shela cewa wani attajiri zai ba da buhun gero ga duk wanda aka haifa ranar 'yanci, a filin firamare na gari, amma a zo da shaida. Na yi tsalle na ce wa Rabi, "Gobe ki ɗora tukunya, ba tafasa a gidan nan!" Na aro babbar riga, na aro jakin maƙwabci, na ɗauki Innata, don ban ga shaidar da ta fi wadda ta yi naƙudar ba.

Fili ya cika maƙil. Mai riƙe da lasifika wani tsohon hedimasta ne mai son a ji muryarsa. Ya kira ni, na fito ina saɓa riga ana tafi. Ga buhun nan a jingine, har na fara tunanin yadda zan ɗaure shi. Sai ya kai wa Inna lasifika baki ya ce, "Iya, kin tuna ranar?"

"Yo ta yaya zan manta? Talata ce, ranar kasuwarmu. Shi ya sa muke ce masa Ɗantala."

(Sunan da na binne tun ina aji uku ke nan, ta tone shi a gaban duniya.)

Hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "Iya, 'yanci dai ranar Asabar aka samu. Ni da kaina na jera yara a filin nan."

Na taka ƙafar Inna a hankali. Wallahi kalma ɗaya nake roƙo, ta ce ta manta. Sai ta juyo da ƙarfi, lasifika na ɗauka: "Kai, me kake taka ni? Da alwalata zan yi ƙarya?" Ta koma kan hedimasta: "Malam, ni na yi naƙudar ko kai? Ina durƙushe ubansa ya dawo daga kasuwa yana cewa an ce Turawa sun tafi. Ranar muka ji, ranar na haihu."

Ashe ƙauyenmu ko rediyo ɗaya babu a lokacin. Sai da 'yanci ya kwana uku a hanya, sannan 'yan kasuwa suka shigo da shi tare da gishiri da kananzir.

Fili ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ƙwalla, "Ɗantala, sa'an kasuwa!" Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na fizge lasifikar na ce, "To laifina ne? Taki a makare yake zuwa mana, maganin fara a makare, agaji a makare! Shi ma 'yancin a makare ya zo, kuma ni za a hana gero?" Na zaci za a yi shiru. Tafi aka yi ana shewa, sun ɗauka wasan kwaikwayo ne na biki. Buhun kuma aka ɗora wa wani mai tumbi daga cikin gari, wanda ko kallonsa bai yi ba.

Muka kamo hanyar gida ni da Inna. Tana bisa jaki, ina ja ina huci. Haushinta nake ji, da na Baba da ba ya nan balle in tambaye shi, da na kaina da na yi shekara ashirin da biyar da sunan Ɗantala a kaina ban taɓa tsayawa na yi tunani ba.

Muka iske Rabi ta ɗora tukunya, ruwa na tafasa. Ta kalli jakin, ta kalle ni, ta janye itacen daga murhu. Wannan ya fi dariyar filin ƙona ni.

Da yamma Inna ta aiko da kwanon gero, irin da ta ɓoye don shuka. Muka ci, ina ci ina jin kunya.

Tun daga nan, kome uba ya faɗa mini a kan haihuwa, sai na tambayi uwa kafin in aro jaki. Ɗan da Rabi ta haifa kuwa, ran Laraba ya zo, kuma Bala nake kiransa, ko me ya faru a duniya ranar.