Yadda Za Ka Kori Ƙaiƙayi Daga Ƙwaryar Surukinka da Hasken Lazer

Kai da ka gama digirin lisans a Damagaram, kana koyar da kimiyya a Dungass, amma gidan su Ummul Khairi da kake nema har yau ba su san darajarka ba: biyo ni. Da kaina na gwada wannan hanya a garin Kwaya. Na yi maka alkawari ba za su taɓa mantawa da kai ba.

1. Samo ilimi

Buɗe portabul, wato wayarka, ka kalli bidiyon masana. Suna haska lazer cikin ɗigon ruwa, wurin ya ɗumama, ruwan ya motsa, ya tura ƙwayar da ido ba ya gani zuwa inda suke so, ba hannu ba ludayi. Kada ka kai ƙarshe, inda suke nuna na'urar da ta cika ɗaki guda. Mai basira rabin bidiyo ya ishe shi.

2. Kayan aiki

Sayi ɗan lazer mai jan haske a kasuwar Magaria, irin na jikin makulli. In mai tebur ya ce na wasa ne, tausaya masa. Bai yi lakwal ba, bai san boko ba.

3. Jira dama

Durƙusa ka gaida mahaifinta, Baffa Hamman, ya dawo daga wurin shanu da ƙishi. Za a miƙo masa ruwa a ƙwarya, ƙaiƙayin gero ɗaya na yawo a sama. Yana kai yatsa ka ce, "Baffa, dakata! Duniya ta daina wannan."

4. Haska

Saita jan ɗigon kusa da ƙaiƙayin. Yi bayani, rabi da Faransanci.

Baffa zai kira ka yadda ake kiran malamin boko: "Mushe, sai yaushe?"

"Yanzu zafin zai kama, Baffa."

Riƙe minti ashirin. Dattijo ba ya mutuwa da ƙishin minti ashirin, na duba.

5. In tsohuwa ta shigo

Kakar yarinyar, Inna Daso, za ta leƙo ta ce, "Me ake jira?" Ta sunkuya ta hura ƙwaryar sau ɗaya, ƙaiƙayin ya fita.

"Ni ma ban taɓa shi da hannu ba," in ji ta.

Kada ka karaya. Ce musu kai ka riga ka sassauta shi. Nuna da hannu yadda ya faru, lazer a kunne. Ɗigon zai sauka bakin ƙwarya daidai lokacin da Baffa ya ɗaga ta, kazar gidan ta ɗauka jar dawa ce, ta yi tsalle.

Baffa zai dubi rigarsa da ta jiƙe, ya dube ka. "Ɗana, shekara nawa ka ce ka yi a makarantar nan?"

Faɗi gaskiya. Goma sha shida.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, ba ruwana, ba ruwan masana, ba ruwan kaza. Kada kuma ka turo min tambaya a kan biki. Nawa an ce in jira bayan kaka, ba a dai faɗi kakar wace shekara ba.