Rasuwar Shuɗiya, Kwalbar da Ta Riƙe Numfashin Baba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Auta, mai kula da ɗan gidan tarihin gilasan da mahaifinta ya bari, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa leƙowa rasuwar Shuɗiya, kwalbar nan mai dogon wuya da ke zaune a kan kanta ta sama. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a gaban baƙi.

Marigayiya ta girmi kowa a gidan. A kasuwar tsofaffin kaya Baba ya tsinto ta, ya rungumo ta a ƙirji har gida, ya manta kekensa a can sai washegari. Mutane sun sha cewa kansa ba daidai ba ne, shi kuwa ko a jikinsa. Shuɗiya mai haƙuri ce, ta jure ƙura da yatsun masu taɓa abin da aka ce kada a taɓa. Amma da muryarta aka fi saninta. Duk baƙon da ya shigo, sai Baba ya kara leɓensa a bakinta ya hura, ita kuma ta amsa da "huuum", kamar saniya a nesa.

A ciwonsa na ƙarshe ya sa aka kai masa ita gado. Ya hura, ta ce "hu", a taƙaice. Kafin kowa ya motsa, Auta ta toshe bakin da ɗan katako, kuma tun ranar ba a sake buɗewa ba. Ta yi karatu, ta san iska ce kawai. Duk da haka kullum da safe sai ta tsaya a gaban kantar ta gaishe da mahaifinta.

Rashin lafiyar Shuɗiya ya fara ne da damina, lokacin da katakon ya sha danshi ya kumbura. Wata siririyar tsaga kamar gashi ta bayyana a wuya. Mai gyaran gilashi ya duba, ya ce a zare katakon kawai, in an yi haka kwalbar sai ta ga bayanmu duka. Babban yayan Auta ya goyi bayansa. Auta ta ɗora hannu, ta kasa. Ta ce gobe, goben ta zo ta sake cewa gobe, tsagar kuwa ba ta jira ta ba.

Ranar Asabar ɗin, Auta tana cikin ba wasu baƙi labarin keken Baba, suna dariya, aka ji "ƙas". Wuyan ya rabu, gangar jikin ta mirgino ƙasa. Auta ta durƙusa cikin ɓaraguzan tana jan numfashi da ƙarfi, ko za ta tare wani abu. Ƙura kaɗai ta shaƙa. Ko ranar da aka fita da Baba ba ta yi kuka irin wannan ba.

Marigayiya ta bar kofuna kore, da wani gilashin fitila mai fasasshen baki, da tulun turare wanda tun ranar yake kallon gurbinta, da Auta.

An gode wa waɗanda suka kawo gam, a yi haƙuri a mayar. Za a naɗe Shuɗiya a tsohon mayafin da ake goge ta da shi, a binne ta a bayan gida ranar Talata da yamma. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin da ta faɗi. Ana roƙon masu zuwa kada su cire takalma, don ba a gama tsince ta ba. A kuma taimaka a rufe ƙofa da sauri idan an shigo. Ɗakin akwai zafi, an sani, amma Auta ba ta yarda a buɗe taga ba tukuna.