Rasuwar Gwaggo Jela, Jiniyar Kamfanin Giya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido a kumbure, Gavrilo Perić, tsohon mai kula da tukunyar tururi, yake sanar da jama'ar unguwa rasuwar jiniyar Kamfanin Giya, wadda ma'aikata ke kira Gwaggo Jela. Ta cika ranar Talata bayan doguwar jinya, a kan rufin da ta zauna tun zamanin kakanni.

Marigayiya ba ta taɓa makara ba. "Wuuuu!" da sassafe, maza su fito suna ɗaura takalmi a hanya. "Wuuuu!" ƙarfe biyu, mata su sauke miyar wake. Idan ma'aikaci ya mutu, sai ta ja kuka har a wuce da gawarsa ta ƙofar kamfani. Ta tashi mashayi, ta sallami kwarto a kan kari, ba ta taɓa tona asirin kowa ba.

Ciwon ajali ya kama ta tun da sababbin masu kamfani suka kwashe tukwane zuwa bayan gari. Tururin da take kuka da shi ya ƙare. Gavrilo ya lallaɓi maigadi, ya jona mata injin hura taya, kullum yana hawa tsani da gwiwoyin nan nasa. Murya ta dishe ta koma "fuuu". Ranar Talata ta ce "fss", shi ke nan.

Ta bar bututun hayaƙi da tattabarun rufi. Ta kuma bar Stanojka, matar Gavrilo, wadda tsufa ya kwashe wa fuskokin mutane. Yini guda kallon baƙo take yi masa. Amma da jiniya ta yi kukan ƙarfe biyu, sai ta miƙe ta ɗauko kwano: "Gavro, ɗan banza, wanke hannu tukuna, sai warin giya kake!" Tun Talata ba ta kira sunansa ba. Jiya ta tambaye shi cikin ladabi ko ya ga mijinta. Allah ya sani, abin ya karya masa zuciya.

Ranar Asabar 'yan gwangwan za su sauke gawa. Za a raba dafaffiyar alkama, sadakar mamaci, a ƙofar kamfani, a tsiyaya wa marigayiya giya a ƙasa kamar yadda aka saba. Ba a buƙatar furanni. Roƙo ɗaya ne: duk mai ƙaho ko mai makogwaron kirki ya zo ƙarƙashin tagar Stanojka mai koren labule, bayan gada, ƙarfe biyu daidai, ya yi mata "Wuuuu!" Gavrilo zai tsaya a bakin ƙofa da hular aikinsa, bai wanke hannu ba.