Baƙin Ramin da Ya Haɗiye Takalmina

Jama'a, jiya da takalmi wari ɗaya na koma ƙauyenmu Gwangwan, kuma ba kare ne ya biyo ni ba.

Dawata ta kai gwiwa, ganyenta ya fara zama ruwan ɗorawa. In ba ta ga taki a satin nan ba, bana sai dai mu ci kara. Aka ce za a yi rabo a wani sito a Karaye, na hau keke tun da hantsi. Kun san yadda muke yi: kowa ya cire takalmi ɗaya ya jera a layi, ya koma inuwa. Takalmi ba ya suma, ba ya kuma zagin hukuma.

A inuwar na tarar da maƙwabcina Mijinyawa da Malam Ɗanmaliki, malamin kimiyya, wanda ke fifita da tsohuwar mujalla. Malam ya ce masana na hasashen cewa a farkon halitta sararin sama ya buɗe farat ɗaya, kafin ƙiftawar ido. Da abin ya lafa, wasu wurare suka ɗan fi wasu cunkoso, nauyinsu ya danne su, suka rufta suka zama baƙaƙen ramuka, tun babu tauraro ko ɗaya. Duk abin da ya faɗa ciki, ko haske ne, ya tafi ke nan.

Mijinyawa ya ce, "Ikon Allah! An taɓa ganinsu, Malam?"

"Tukuna dai, Baba. Sai dai a gane su da abin da ke ɓacewa kusa da su."

Mijinyawa ya nuna siton ya ce, "To ai ga ɗaya nan, har da kwaɗo. Ran Talata da idona na ga tirelar taki uku sun shiga."

Bayan la'asar sai ga jami'in siton, Ranka-ya-daɗe, Sarkin Makulli, Garkuwan Manoma, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya ce taki ya ƙare, an ba waɗanda suka cancanta. Sannan ya dubi layinmu ya ce wannan ƙazanta ce a ƙofar gwamnati. Ya sa aka kwashe takalman a buhu, aka jefa sito, aka datse.

Ni ban ga laifinsa ba. Bawan Allah tun rabon farko ya ɗan fi mu kaɗan, nauyin ne kawai ya yi ta janyo sauran. Ruwa ai ba ya tsami banza.

Da na isa gida matata Saude ta dubi bayan keke, ta dubi ƙafata. Ta rage awon tuwon dare. Wallahi wannan ya fi takalmin ci mini rai.

Masanan nan da ke wahalar leƙen sama, su taho Karaye mu nuna musu. Su dai riƙe takalmansu a hannu.